Lambobin da saba ke amsawa: yadda nake karanta su in shafi ya fara rigima

Duk sanda burauza ko manhajar sa ido irin su UptimeRobot ta ƙwanƙwasa wa saba, wato kwamfutar da shafin intanet ke zaune a kanta, sabar tana mayar da wata lamba mai alƙaluma uku, kai dai ba ka ganinta ne sai abu ya lalace. In kana so ka gani da idonka buɗe Chrome a kwamfuta ka danna F12 ka shiga Network ka sake loda shafin, ko in ka saba da baƙin allon nan na rubuta umarni ka rubuta curl -I sai adireshin shafin, layin farko da zai fito shi ne amsar.

Ni lambar farko cikin ukun nake fara kallo don ita ke gaya min ƙofar wa zan buga. 2 lafiya lau, 3 an ce ka ƙara gaba ba a nan abin yake ba, 4 mai tambayar ne ya kuskure ko kuma an hana shi, 5 kuwa matsalar ta cikin gida ce. Akwai masu farawa da 1 amma manta da su.

Masu 5 ɗin nan su ne masu hana barci. 500 yawanci kodin shafin ne ya yi tuntuɓe, ka sabunta wani fulogin na WordPress ko ka taɓa fayil ɗin saitin saba na .htaccess ko databes ta ƙi amsawa, kar ka tsaya canki-canka, je ka buɗe fayil ɗin da saba ke rubuta kurakurai ka karanta layukan ƙarshe. 502 da 504 mutane na rikita su sosai alhali ba ɗaya ba ne, ka ɗauka Nginx, manhajar da ke karɓar masu zuwa shafin, maigadi ne a bakin ƙofa, PHP-FPM mai gudanar da kodin shafin kuma maigidan da ke ciki, to a 502 maigadi ya leƙa ya tarar ba kowa ko an ba shi amsar da ba kai ba gindi, sau da yawa PHP ɗin ne ya mutu sai ka sake tayar da shi, a 504 kuma maigidan yana nan amma an yi ta jira har daƙiƙa 60 ɗin da Nginx ya saba jira sun ƙare bai ce uffan ba, nan sai ka nemi abin da ke jan ƙafa, galibi wata tambaya ce mai nauyi a databes. Ƙara lokacin jiran ba magani ba ne wallahi, rufa-rufa ce kawai.

503 sabar da ranta, kaya ne suka mata yawa ko ana gyara. In kai ne ka rufe shafin da gangan don aiki to ita ya kamata ka tura tare da Retry-After, wato saƙon da ke faɗin lokacin da za a dawo, Google zai gane na ɗan lokaci ne ya dawo daga baya. In kana bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin masu ziyara da sabarka, za ka ga wasu nasu na daban, 521 sabarka ta ƙi karɓar haɗi, 522 an kira ba a same ta ba, 524 an haɗu amma ba amsa har lokacin jiran ya ƙare, 526 satifiket ɗin SSL, wato na tsaron https, ne ya lalace ko ya ƙare.

Masu 4 ba duka ne abin tashin hankali ba. 404 a wani tsohon rubutu ba komai, amma a shafin farko akwai magana. 401 a shafin admin ai daidai ne ma, haka ake so. Wanda ke yaudarar mutane shi ne 403, manhaja ta ce shafi ya faɗi kai kuma ka buɗe a wayarka garau, to katangar tsaro ce ta ɗauki manhajar a matsayin ɓarawo, sai ka sa adireshin IP ɗinta cikin waɗanda aka yarda da su. 429 ka cika naci ne, rage yawan dubawar. 405 kuma sabar ba ta yarda da salon tambayar ba, sai ka canza shi a manhajar daga HEAD zuwa GET.

301 ƙaura ce ta dindindin, 302 ta wucin gadi, ka sa manhajar ta riƙa duba adireshin ƙarshe mai https ɗin kai tsaye.

Sai 200, wadda ni na daina yarda da ita ido rufe. Akwai wani shafin makaranta da nake kula da shi, kuɗin hostin ya ƙare ban lura ba, kamfanin suka karkatar da kowa zuwa shafinsu na an dakatar da asusu, shi kuma wannan shafin 200 yake amsawa, kwana uku allon manhajar sa idona kore shar, alamar lafiya lau, sai da shugaban makarantar ya kira ni yana cewa Malam me ya samu shafinmu ne iyaye na ta ƙorafi, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tun ranar nake haɗawa da duban kalma, wato ka ba manhajar wata kalma da dole tana cikin shafin na gaskiya, ni sunan makarantar da ke can ƙasa nake sawa, in ba ta gan ta ba ta yi ƙara ko da lambar 200 ce.

In kuma ba lamba kwata-kwata to ba a ma kai ga sabar ba, duba DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da sabarsa, ka duba ko sunan yankin ya ƙare. Kuma ka saita manhajar sa idon kar ta tashe ka sai an faɗi sau biyu a jere, in duk minti 5 take dubawa kenan minti 10.