Yadda Ake Gano Matsalar Tururin Fetur a Tsohuwar Mota Kafin a Sayi Sensa

Fitilar cek-injin ta kama, motar kuwa tana tafiya lafiya lau, ba kakarewa, ba hayaƙi. Aka jona sikana, wato na'urar karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, ta nuno P0442 ko P0455. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, don da an ga lamba sai a garzaya sayen sensa. Lambar kuwa gwajin da kwamfutar mota ta yi bai ci ba take faɗa maka, ba ta ce ga kayan da ya mutu ba. Aikinka shi ne ka bi sawu har ka kama mai laifin.

Fetur yana fitar da tururi ko mota a kashe take. Don kada ya bi iska, ana tura shi ta tiyo zuwa wani gwangwani mai cike da gawayi, wato kanista, gawayin ya riƙe shi. Idan inji ya yi zafi, kwamfuta sai ta buɗe bawul ɗin zuƙa da ke kusa da inji, a ja tururin a ƙone shi. Akwai bawul na biyu, na shaƙar iska, kusa da kanista. Riƙe wannan da kyau: na zuƙa a rufe yake idan ba wuta, na shaƙar iska kuwa a yawancin motoci a buɗe yake idan ba wuta. Sai sensar matsi da ke kan tanki ko kusa da shi, wadda ke gaya wa kwamfuta ko tsarin ya riƙe iska. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da tsarin OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke binciken matsalolinta da shi, kuma yawancinsu suna yin wannan gwaji da kansu.

Mataki na farko, karanta lambobin duka ka rubuta su, kada ka goge tukuna. P0455 babban yoyo ne, P0442 ƙarami, kamar hudar milimita ɗaya, P0456 kuma kusan rabin milimita. P0441 na nufin zuƙar ba ta tafiya daidai. P0443 ta shafi wayoyin bawul ɗin zuƙa, P0446 ɓangaren shaƙar iska. P0450, P0451, P0452, P0453 da P0454 ne ke nuna sensar matsi ko wayoyinta kai tsaye. In ba ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ka gani ba, ajiye maganar sensa a gefe tukuna.

Na biyu, murfin tanki. Cire shi ka duba robar da ke zagaye da bakinsa. A tsohuwar mota za ka same ta ta bushe, ta yi ƙananan tsaga, wani lokaci sai ka lanƙwasa ta da yatsa kafin su bayyana. Shafa yatsa a bakin bututun zuba mai ma, domin tsatsa kan ci wurin har sabon murfi ya kasa zama. In murfin ne, nemi na ainihin motar.

Daga nan ka tambayi mai motar abin da yake gani a gidan mai, don amsarsa na iya rage maka rabin aiki. In motar tana wuyar tashi da zarar an gama shan mai, to bawul ɗin zuƙa ne ake zargi ya maƙale a buɗe, tururi ya cika inji. In kuma famfon mai yana ta tsayawa alhali tanki bai cika ba, hanyar shaƙar iska ce ta toshe, ko da ƙura, ko da laka, ko gawayin ya jiƙe. Abin da ya fi jiƙa gawayi shi ne ɗabi'ar ci gaba da danna mai bayan famfo ya tsaya da kansa. A bar wannan ɗabi'a, tana kashe kanista.

Gwajin bawul ɗin zuƙa ba shi da wuya. Cire soket ɗinsa, cire tiyon da ke zuwa daga kanista, tayar da inji, ka ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. In ka ji yana tsotsar yatsanka, ya lalace, tunda babu wuta bai kamata ya bar komai ya wuce ba. In bai tsotsa ba, kashe mota, ciro shi, ba shi wutar batir kai tsaye, ka saurari ƙarar "ƙas". Na shaƙar iska ma haka, sai dai shi da ya samu wuta rufewa zai yi. Ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, sai ka tabbatar ya toshe iska gaba ɗaya.

In bawul biyun sun wanke kansu, saura neman huda. Injin hayaƙi ne maganin wannan. A rufe bawul ɗin shaƙar iska, a tura hayaƙi da matsi kaɗan, kimanin rabin psi (ma'aunin matsin iska), a bi tiyo da tocila. Kada ka kuskura ka hura iskar kwamfuresa a tankin fetur, za ka fasa sensa, ga kuma haɗarin gobara. Yi aikin a fili, nesa da wuta da sigari. A tsofaffin motoci hudar ta fi ɓuya a saman tanki, wajen robar famfon mai na cikin tanki, da wuyan bututun zuba mai, da inda tiyon roba ya haɗu da na ƙarfe.

Yanzu ga sensa, inda na fi so ka nutsu. Yawanci wayoyi uku gare ta: ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta komawa jikin mota, ta uku ita ke kai saƙo. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, cire murfin tanki don matsin ciki ya yi daidai da na waje, sannan ka auna wayar saƙo da mita. In babu bolt 5 ɗin tun farko, laifin yawanci na waya ne ko soket, ba na sensa ba. Leƙa cikin soket ɗin, koren tsatsa a kan fil ya isa ya jawo P0452 ko P0453.

Abin da za ka karanta ya danganta da kamfani. A motocin GM (General Motors) da yawa na wancan zamani ana samun kusan bolt 1.5, a Ford kusan 2.6, a Toyota kusan 3.3. Bambancin bai tsaya nan ba: ta GM lambarta hawa take yi idan aka tsotse iska daga tanki, ta Ford kuwa sauka. Ka ga ke nan sensa na iya shiga soket ɗinka daram, wayoyi uku cif, amma ta riƙa gaya wa kwamfuta akasin gaskiya. Sai fitila ta dawo, wani lokaci da wata sabuwar lamba da za ta sa ka bi hanyar da ba ita ba. Wasu motocin Chrysler ma ba sensa irin wannan suke amfani da ita ba, ƙaramin famfon gwajin yoyo gare su.

Saboda haka kada ka saya da ido. Kwafi lambar da ke jikin tsohuwar sensar, ka haɗa da lambar shasi mai harafi 17, wadda a motocin Amurka harafinta na 10 ke nuna shekarar ƙira. Duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet kuma, domin mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zama ta ƙa'idar hayaƙi ta jihar Kalifoniya ko ta sauran jihohin Amurka, kayansu kuma su bambanta. In ta hannu za ka ɗauka daga wata mota, jona ta ka auna kafin ka ɗaure ta: lambar da mita ta nuna ta yi daidai da abin da littafin motarka ya ce, kuma ta motsa ta fuskar da ta dace idan ka ɗan tsotsi iska da famfon hannu.

Bayan gyara sai ka goge lambobin, amma kada ka ɗauka an gama don fitila ta mutu. Kwamfuta ba ta sake gwajin sai sharuɗɗanta sun cika: a motoci da yawa mai ya kasance tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari, inji kuma ya kwana ya huce. Yana iya ɗaukar kwanaki ana tuƙi. Sake jona sikana, ka duba ko gwajin tururin ya nuna ya kammala kuma ba wata lamba da ke jiran fitowa.