Kurakuran da ake yi in za a kai dangi gidan abinci a Maraɗi

Na gaji da ganin samari suna kwaso dangi mota biyu, su sauke su a ƙofar gidan abinci, sannan su fara tambayar ko akwai wuri. Masu sayar da abinci a Maraɗi ba su ƙirguwa, daga bakin Babbar Kasuwa har unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, amma yawancinsu an buɗe su ne don ɗan kasuwa ko ma'aikaci da zai ci kwano guda ya tashi. Wanda zai ɗauki mutum 20 da yara a zama ɗaya, sai an nema, kuma sai an shirya da shi.

Zuwa ba sanarwa shi ne na farko. Mai abinci tun da safe ta san tiya nawa ta ɗora. In ka faɗo mata da gayya, rabi za su ci, rabi su zauna jiran sabuwar tukunya, yara na kuka. Zabo kuwa sai an yanka, an fige, an gasa. Ni ba na shirya wannan ta waya. Ana gobe nake zuwa da ƙafata, in ga wurin, in ba da kafin alƙalami, in ƙara mutum huɗu ko biyar a kan lissafina, domin Hajiya ba ta fita ba 'yar rakiya, kuma direba ma ciki gare shi.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne rashin yanke kuɗi kafin a zauna. Ɗan ƙanwata ya taɓa gayyatar surukansa da suka zo daga Katsina, ya roƙe ni in raka shi a matsayin babba. Muka je wani wuri mai kyau, ba zan faɗi suna ba. Yaron nan bai tambayi kuɗin komai ba, wai kada baƙi su ce ya yi rowa. Duk wanda aka tambaya "a ƙaro?" sai ya ce a ƙaro. Balangu ya zo, tsire ya zo, zabbi suka biyo baya, lemon kwalba kuwa yara suka yi ta buɗewa suna kurɓa ɗaya su ajiye. Da aka kawo takarda, abin da ya yi tsammanin jikka 20, wato sefa dubu 20, ya haura jikka 50. Sai ya matso kusa da ni yana raɗa: "Kawu, ka rufa mini asiri." To me zan yi a gaban surukai? Na biya, kuɗin da na ware don taki ne, daminar nan gonata ta ji a jikinta.

Ku ji ni da kyau, ku samari: tambayar farashi ba rowa ba ce. Nama shi ke cinye kuɗi, don ba a kwano ake auna shi ba, abin da ka ce a yanka shi za a yanka. Ka faɗa wa mai gidan tun farko: nama na kaza, abin sha kwalba kaza, kuma ba mai cewa a ƙaro sai ni. Ka sa a zuba shinkafa ko dambu da zogale a manyan faranti, mutum biyar biyar, ya fi arha kuma haka muka saba ci. Wanda zai biya ma a san shi tun daga gida. Wannan kokawar ta "bari in biya", "a'a wallahi ni zan biya" a gaban ma'aikata, ƙarshenta wanda ya fi kunya shi ke biya. In baƙinka daga Jibiya ko Katsina suke, ka canza musu naira zuwa sefa kafin ku iso, kada a tsaya cinikin canji a kan teburi.

Sai wurin zama, wanda 'yan boko ke mantawa. Dogon teburi guda ba namu ba ne. Suruki ba zai saki jiki ya ci a gaban surukarsa ba, amarya ma za ta yi ta juya cokali har a tashi, ta koma gida da yunwa. Nemi wuri mai rumfa biyu ko ɗaki da tsakar gida, mata da yara gefe, maza gefe. Tsofaffi da yawa sun fi son tabarma maimakon kujera. In babu, ka zo da taka. Kuma ka leƙa wurin da dare kafin ka kai iyayenka, don akwai inda da rana abinci ne, bayan isha'i kuma giya da kiɗa.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata fita. Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne, kada ka nufi tsakiyar gari da ayari, balle bayan an sauko daga masallaci. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ka tambaya ko suna da injin wuta, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ɗakin ya gagari zama. Yaji a sa shi gefe saboda yara da masu gyambon ciki. Da azumi kuwa, in ba ka kama wuri tun la'asar ba, a tsaye za ku sha ruwa.

Banɗaki da wurin alwala ni nake fara dubawa kafin in kalli abinci. In buta ɗaya ce tak kuma ƙofar ba sakata, ba na kai mata wurin ko da kyauta ne. Abin da ya rage a faranti kuma ku sa a ƙulle muku, kun biya kuɗinsa, ga almajirai nan a bakin ƙofa.