Shawara ga masu aikin gayya a makabarta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga ƙungiyoyin da ke shirin fita gyaran tsofaffin makabartu irin ta Dandolo da ke Goron Dutse a Kano, shawarata ita ce kada a cinna wa busasshiyar ciyawa wuta bayan damina, domin wutar takan cinye alamomin kaburbura, ta bar ƙasa fili, ruwan baɗi ya zaizaye ta. A yanke da lauje, a kwashe zuwa waje. Kabarin da ya rufta kuwa, wanda har akan hango bakin tukunya a cikinsa, kada a bar matasa su taɓa shi. A kira masu haƙa su cike shi da ƙasa. Kowa ya sa dogon takalmi saboda macizai.