Kurakuran masu tara tsofaffin farantai masu hoton jiragen ruwa

Kuskuren da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne ɗaukar shekarar da ke fuskar faranti a matsayin shekarar da aka yi shi. Mutum ya ga jirgin yaƙin Ingila Victory da 1805 a ƙarƙashinsa, sai ya ce ya tsinci dami a kala. Alhali 1805 shekarar yaƙin Trafalgar ce, yaƙin teku da jirgin ya fafata a cikinsa, kuma a 1905 masana'antun Ingila sun fitar da kaya masu wannan hoton don bikin cika shekara ɗari. Kifa farantin ka karanta bayansa. In tambarin na ɗauke da kalmar "England", galibi bayan 1890 aka yi shi, shekarar da dokar harajin McKinley ta Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. "Made in England" kuwa na ƙarni na 20 ne. Sai dai a kula, butocin Liverpool na wajajen 1800 da yawansu ba su da tambari ko kaɗan, don haka rashinsa ba ya nuna jabu, ba ya kuma nuna tsufa.

Wasu kuma in suka gane hoton ba zanen hannu ba ne sai su raina kayan. Tun shekarun 1750 ake sassaƙa hoton a kan tagulla, a buga a takarda, a manna wa tangaran. Shuɗin farantin masana'antar Enoch Wood ta Ingila mai hoton jirgin Cadmus, wanda ya kai Janar Lafayette ɗan Faransa Amurka a 1824, haka aka yi shi, kuma darajarsa ba ta ragu ba.

Wajen wanki ne ɓarnar ta fi ban takaici. Bilic yana shiga ƙananan tsagar da ke jikin ƙyallin, wato rufin mai sheƙi da ke saman farantin, daga baya ya ɓamɓare shi. Soson ƙarfe da injin wanke-wanke suna share ruwan zinarin bakin farantin. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, ka shimfiɗa tawul a cikin bahon.

Kada ka ci abinci a ciki, musamman mai tsami, don tsohon ƙyalli yakan ƙunshi dalma. In farantin ya fashe, bar Super Glue ɗin nan: tattara gutsattsarin, naɗe kowanne daban, ka kai wa mai gyaran tangaran.