Darasi Na 6: Zuwa Wurin Mai Gyaran Gashi In Jikinki Ba Ya Son Gulutin

Gulutin wani sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Masu cutar siliyak, wajen mutum 1 cikin 100 a duniya, in ya shiga cikinsu sai garkuwar jikinsu ta far wa ƙaramin hanji, abinci ya daina amfanar jiki yadda ya kamata. To me ya haɗa wannan da gyaran kai? Kamfanoni da yawa na zuba sinadarin alkama a shamfu da kwandishina da man gashi don gashi ya yi kauri da sheƙi.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Gulutin ba ya ratsa lafiyayyar fata ya kai hanji, ya yi girma da yawa. Ko ƙurajen nan masu ƙaiƙayi da ke fito wa wasu masu siliyak a gwiwa da gwiwar hannu, abin da aka ci ne ke kawo su ba abin da aka shafa ba. Baki shi ne ƙofar da za ki tsare. Kumfar shamfu da ta gangaro ta kumatu ta taɓa leɓe, feshin gashi da aka fesa kina cikin hira bakinki a buɗe, hannun da kika shafa kai da shi sannan kika ɗauki abinci baki wanke ba, nan ne dai matsalar take, balle janbaki da man leɓe da dama lashe su ake yi.

Amma fa in alajin alkama gare ki, wato jikinki na yin ƙaiƙayi ko kumburi in ya haɗu da alkama, wannan daban ne, taɓa fata kaɗai na iya tayar da shi. A Japan a 2011 sai da aka janye wani sabulun wanke fuska daga kasuwa saboda sinadarin alkamar da ke ciki ya jawo wa mutane da yawa alaji. Don haka likita ya fara gaya miki wanne ne naki.

Ki juya bayan kwalba ki duba ƙananan rubutun nan. In kin ga wheat ko Triticum vulgare, alkama ce. Hordeum vulgare sha'ir ne, Secale cereale hatsin rai. Avena sativa kuwa ots ne, wani irin hatsi, shi ba ya da gulutin irin na alkama amma sau da yawa yana gauraya da ita tun daga gona. In rubutun ya yi miki ƙanana ki ɗauke shi da waya ki buɗa hoton.

Ita kuwa mai gyaran, a ganina wadda ke saurare ta fi wadda ta fi kowa iya hannu. Ki je ranar da ba cunkoso ki ce mata, "Anti don Allah likita ya hana ni duk abin da ke da alkama ya shiga bakina, zan iya ganin kwalaben da kike aiki da su?" In ta ɗauko kuka duba tare, alhamdulillahi kin samu. In ta ce ai ba komai, kowa da shi nake wa, ki yi mata godiya ki nemi wata, lafiyarki ce ba abin jin kunya ba ne. Mai da aka juye a robar da ba rubutu kar ki yarda da shi. Mafi sauƙi ma ki riƙa zuwa da naki shamfu da mai, ki roƙa a kwantar da kanki baya wajen wanki, ki rufe baki da hanci da tawul mai tsabta lokacin feshi.

Aikin gida: ki ɗauko kwalba biyu daga cikin kayan gyaran gashinki, ki nemi sunayen nan a bayansu, ki rubuta wanda kika gani a littafinki ki zo da shi aji.