Yadda Ake Gwada Gyaran Hancin Jariri Mai Tsagaggen Leɓe a Kwamfuta Kafin a Shiga Tiyata

Duk wanda ya taɓa ganin yaron da aka ɗinke wa tsagaggen leɓe tun yana jariri, sannan ya sake ganinsa ya isa shiga makaranta, ya san cewa tabon leɓen kan dushe, amma hancin da aka bari a karkace yana nan inda yake. Wannan jagora na rubuta ta ne domin matasan likitoci da ɗaliban likitanci da masu ilimin kwamfuta a Garwa da Marwa da Ngaundere da Njamena, waɗanda suke son su ga yadda hancin zai amsa ɗinki tun kafin a kwantar da jaririn.

Kafin a taɓa kwamfuta, wajibi ne a fahimci abin da ya karkatar da hancin. Leɓen sama yana haɗuwa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, kuma idan bai haɗu ba, tsokar da ya kamata ta zagaye baki takan yanke, bakinta ɗaya ya manne a gindin fiffiken hanci na ɓangaren tsagar, ɗayan kuma a gindin ginshiƙin da ke tsakanin kafofin hanci. Duk sa'ad da jaririn ya yi kuka ko ya tsotsa, sai bakunan tsokar nan su ja hancin gida biyu. Guringuntsin tsinin hanci ya baje ya faɗa, shamakin tsakiya da ya raba cikin hanci biyu ya karkata zuwa ɓangaren lafiyayye, ga kuma ƙashin da ke ƙarƙashin fiffiken bai cika ba. A faɗin duniya ana samun wannan hali a kusan haihuwa 1 cikin 700, kuma ya fi aukuwa a hagu. Wanda bai sa wannan jan tsoka a lissafinsa ba, hoto kawai ya zana.

Aikin farko shi ne samun siffar fuskar, kuma a nan ne nake roƙon a yi hattara. Kada a sa jariri a na'urar sikana ta CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki, don wannan gwaji kaɗai, domin hasken da take fitarwa ba abin da za a ɗora wa jikin ɗan wata biyu ba ne babu larura. Idan an riga an ɗauki hoton saboda wani dalili na jinya, sai a karɓi fayilolin a buɗe su da manhajar 3D Slicer, wadda kyauta ce. In babu, wayar hannu mai kyamara mai kyau ta wadatar. A nemi yardar iyaye da bayanin da suka gane, da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi, a kuma tabbatar musu cewa hoton ɗansu ba zai fita waje ba. A jira uwa ta shayar da shi har barci ya ɗauke shi a cinyarta, a zauna a inuwar baranda inda haske ya bazu daidai, a share masa gumi, saboda ƙyallin fata yana ruɗa manhaja. Sannan a zagaya fuskar a hankali ana ɗaukar hotuna kamar 50, a fi yawaita na ƙasan haɓa da ke kallon kafofin hanci, a ajiye ƙaramin ma'auni mai milimita kusa da kunci don kwamfuta ta san ainihin girman. Na taɓa ɓata yini guda ina gina siffa mai kyau, daga baya na lura ba mu ajiye ma'aunin ba, dole muka roƙi uwar ta sake dawowa daga ƙauyensu.

Manhajar Meshroom tana haɗa hotunan su zama siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, manhajar Blender kuma ta share abin da ba a buƙata. Daga nan a kwafi ɓangaren lafiyayye, a juya shi kamar a madubi, a ɗora kan ɓangaren tsagar. A auna faɗin kowace kafar hanci da tsayinta, da tsawon ginshiƙin tsakiya, da nisan gindin fiffike daga tsakiyar fuska. Ga yawancin asibitocinmu wannan kaɗai ya biya wahalar, tunda likita zai shiga tiyata da lambobi a hannu. Sai dai a tuna cewa ɓangaren da muke kira lafiyayye shi ma an ɗan ja shi.

Mai son ya zarce sai ya shiga lissafin ƙarfi. Ana yanka siffar zuwa dubban ƙananan gutsattsari, a gaya wa kwamfuta taurin fata da na guringuntsi, a kafe inda ƙashi yake, sannan a ja wani wuri kamar yadda zaren ɗinki zai ja shi. Manhajar FEBio, wadda aka faro a Jami'ar Utah ta Amurka, tana yin wannan kyauta, kuma masu bincike a birnin Chengdu na ƙasar Sin sun yi amfani da irin wannan lissafi wajen nazarin hancin masu tsagaggen leɓe. Hoton waya ba ya nuna guringuntsi, don haka likita ne zai zana shi bisa sanin jiki. A gwada motsi ɗaya ɗaya: ɗaga tsinin hanci, jawo gindin fiffike zuwa tsakiya, miƙe shamaki, sannan a haɗa su. Inda launi ya yi ja a allo, nan ne nauyi ya taru, nan ne kuma hancin zai fi neman komawa yadda yake. Saboda haka ne likitoci da yawa suke ɗan zarce gyaran, su kuma sa robar siliko a kafofin hanci na wasu watanni.

A da ana tsoron taɓa guringuntsin jariri kada girmansa ya tsaya, har likita Harold McComb na Ostareliya ya bi yaran da ya yi wa gyaran shekaru masu yawa, ya nuna hancin yana ci gaba da girma. Amma kwamfuta ba ta lissafa tabo, ba ta lissafa girman shekara goma, kuma lambobin taurin da ake ba ta ƙiyasi ne. A ɗauki sakamakonta a matsayin kwatanta dabara da dabara, kada a nuna wa iyaye shi a matsayin alkawari.

Duk wannan aiki a gama shi cikin makonnin da ake jiran jaririn ya yi ƙwari. Ana ɗinke leɓe galibi tsakanin wata 3 da 6, kuma tsohuwar ƙa'ida ita ce ya kai mako 10 da nauyin kilo 4.5, jininsa kuma ya kai 10 a ma'aunin himoglobin. Idan nauyin bai kai ba, a rufe kwamfutar a zauna da uwar, a nuna mata yadda za ta riƙe shi a tsaye-tsaye lokacin shayarwa, ko ta tatsa ta ba shi da ƙaramin kofi, a kuma sa mata ranar dawowa awo.