Matakan Zaɓen Shugabanni a Ƙungiyar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Matasan Katsina masu gina buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya dubawa ya gyara) tare, ku fara da rajistar masu zaɓe. Duk wanda aka karɓi aikinsa a GitHub (shafin da ake haɗa aikin manhaja) cikin watanni 12 da suka wuce ya shiga, har da masu fassara, don su ake yawan mantawa, daga nan rigima ke tashi. A rufe rajista kafin 'yan takara su fito.

Sannan a ware mako 1 na tsayawa takara, makonni 2 na jefa ƙuri'a. Kowa ya jera 'yan takara daga gwaninsa zuwa ƙasa, kamar yadda Debian, wata ƙungiyar buɗaɗɗiyar manhaja, ke zaɓen shugabanta duk shekara; CIVS, shafin zaɓe na intanet da aka ƙirƙira a Jami'ar Cornell, na ƙirga irin wannan ƙuri'a kyauta.

Mai kula da zaɓe kada ya tsaya takara. A tuna wa mutane su leƙa akwatin tarkacen imel, saƙon ƙuri'a kan faɗa can.